Saƙon Tsuntsaye Daga Dapango

Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, damina tana shirin tafiya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar zauren gidanmu a unguwar Didawure ta Sokode ya cika har mutane suna zama a kan dakalin maƙwabta.

Ni ina cikin gida tare da mata, amma zanar da ta raba mu da zaure ba ta tare magana. Mahautan kasuwar Sokode suka shigo a jere, suka ce sun rasa dillalin da bai taɓa ɓoye musu ciwon saniya ba. Liman ya ce ba a taɓa jin muryarsa a kan wani ba. Wannan kam ba gaskiya ba ne, amma ranar makoki ba a gyara wa liman zance. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta fi mu 'yan gida kuka, tana cewa yanzu wa zai riƙa tsayawa da sassafe ya ce mata kokonta ya yi ruwa. Sai maƙwabcinmu, wani dattijon Kotokoli mai noman shinkafa, wanda Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ya jira har aka shafa fatiha, sannan ya ce, "Yau fadama ya zama maraya." Wasu samari suka so yin dariya, suka haɗiye. Ni kuwa a nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Akwai tambaya guda da kowa ya riƙa yi ƙasa-ƙasa, mata da maza.

"An aika Dapango?"

"An aika."

"Zai zo kuwa?"

Mutumin Dapango shi ne ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne ya haife ni. Ni 'yar farinsa ce, aka ba yayansa riƙona tun ina tatata, kamar yadda aka saba. Wanda na buɗe ido na gani shi nake kira Baba, wancan kuwa a gidanmu Ƙarami ake ce masa. Kusan shekara talatin ke nan ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsu ba, kuma ban san kamannin fuskarsa ba. Ina zaune cikin masu makoki ina karɓar gaisuwa, kunnena yana ƙofar gida, ina jiran in ji ko ina da sauran uba a duniya.

Abin da ya sa na zauna na tattara wannan, tsoro nake kada nan da 'yan shekaru yaran unguwa su tuna da Baba a matsayin tsohon nan mai kallon agwagi kawai. Ya kalle su kam, ba na musu. Amma akwai dalili.

Tun da na yi wayo, in an idar da sallar asuba Baba ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya tuɓe farar rigarsa, ya sa wata tsohuwar taguwa mai launin ƙasa wadda Inna, matarsa, ta sha yin barazanar cusa ta a murhu, ya saɓa buzunsa ya gangara fadamar da ke bayan gari. A can akwai giginyoyi uku a jere a bakin ruwa. Gindin ta farko yake zama, rana tana bayansa. Ba ya su, ba ya harbi, ba shi da ko taki ɗaya na gona a wurin. In wani ya zo nemansa da safe, Inna takan ce, "Ya tafi fadanci wajen agwagi, in sarkinsu ya sallame shi zai dawo."

Ba ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, da giginyoyin nan yake awo. In kirinjijiya, ƙananan agwagin dajin nan masu farar fuska da yawan fito, sun rufe ruwa har giginya ta biyu, ya ce bana sun fi bara. In dinya, wadda ta fi su girma nesa ba kusa ba, ta sauko kafin a yanke shinkafa, sai ya yi tsaki ya ce ta yi gaggawa, akwai abin da ya koro ta. Ya san shekarar da gauraka suka ƙaurace wa fadamar, ya san shekarar da suka dawo su biyu rak, kuma ranar ya shigo gida yana murna har Inna ta tambaye shi ko haihuwa aka yi. Akwai wani zalɓe da yake kira Alƙali, don yakan tsaya tun safe yana duban ruwa bai yanke hukunci ba.

Da tafiya ta yi tafiya ya samu abokan zama. Dattijon Kotokolin nan ne na farko, shi da ya fara zuwa don korar tsuntsaye daga shinkafarsa. Sai wani tsohon gardi, wato dogarin Turawa, da ya bar aikin kumandan mai mulkin gari, ya rasa inda zai kai safiyarsa. Su ukun sai su jeru suna gardama da raɗa, don Baba ya hana ɗaga murya, ya hana farin tufa, ya hana tari in ba dole ba.

"Bana sun ragu," in ji gardi.

"Idonka ne ya ragu," in ji Baba.

Ranar da ya samu tarko a gonar dattijon Kotokoli da kirinjijiya biyu a ciki, ranar ce liman bai ji ba. Daga fadama har rijiyar unguwa ana jin Baba yana faɗa, shi da ya kafa dokar raɗa. Dattijon ya ce, "To, shinkafana fa? 'Ya'yanka ne, ka ciyar da su." Suka yi Juma'a guda ba su kula juna ba. Daga baya aka ga Baba yana bin gidaje yana roƙon tsofaffin gwangwanaye, ya ɗaura su a igiya ya zagaye gonar mutumin, ya kuma ɗauki aikin jan igiyar da kansa har aka yi girbi. Tarko bai sake komawa fadamar ba.

Wata shekara wani Bafaranshe daga cikin masu duba ciwon barci a dispanse, ƙaramin asibitin gari, ya riƙa zuwa fadamar da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ya ga tsofaffi uku a zaune ba sa motsi, ya miƙa wa Baba madubin. Baba ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi garwashi. Da ya ɗora a ido sai ya saki salati da ƙarfi, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Ashe idon gauraka ya gani, bai taɓa sanin fari ne fat ba. Ya ƙi mayar da madubin har rana ta take, Bature yana tsaye yana gumi yana duban agogo. Da ya dawo gida ya ce wa Inna, "Shekara nawa ina kallonsu, ashe su ma kallona suke." Ya aika wa Baturen da cinyar rago, ya kuma yi wata guda yana ba kowa labarin idon gauraka har aka fara gudunsa.

Asalin abin, a bakin Inna na ji shi, wata rana tana yi mini kitso, ni kuma na dame ta da tambaya.

A Dapango aka haife su. Ubansu ya rasu ya bar musu garke guda, ba su raba ba. Gabas da gari, ta hanyar Naki, akwai wani tafki da shanun yankin suke sha, da wata tsamiya a bakin mashaya. Al'adar masu shanu a can, in kaka ta wuce sai a duba tafkin. In ruwansa zai kai damina, a zauna. In ba zai kai ba, a kora shanu zuwa kogin Oti tun da sauran ciyawa a hanya. Tun yana saurayi Baba ya yi suna wajen sanin tsuntsaye, har dattawa suna tambayarsa. To wata shekara, Jamusawa ba su daɗe da barin ƙasar ba, tsuntsaye suka cika tafkin nan har ba a ganin ruwa. Ƙarami ya ce a tafi Oti, shi ya ga ƙasa ta fara tsagewa da wuri. Baba ya ce tsuntsaye ba za su taru haka a inda ruwa zai ƙare ba. Shi ne babba, aka zauna.

Abin da bai sani ba, duk tafkunan da ke arewa da su sun riga sun ƙafe. Tsuntsayen ba yabon tafkin suka zo yi ba, gudu suka yo, nan ne kaɗai ya rage musu. Rani yana tsakiya tafki ya koma taɓo, wata safiya tsuntsaye suka tashi suka bar su da shanu. Lokacin da suka kama hanyar Oti, ciyawar hanya ta ƙone. Kaɗan ne suka isa kogi.

Inna ta ce a zaure, gaban jama'a, Ƙarami ya miƙe ya ce, "Tsuntsu yana da fiffike, saniya fa?" Baba bai ɗago ba. Ƙarami ya ƙara da cewa, "Daga yau ba ni da yaya. Malamin tsuntsaye nake da shi." Baba ya bar masa sauran shanun duka, ya ɗauki Inna da ni a bayanta, suka bi ayarin fatake zuwa Sokode. A nan ya zama dillali, ya sayar da shanun mutane har tsufansa, bai sake mallakar ko ɗan maraƙi ba. Na tambayi Inna ko da za su tafi wani ya ce a ajiye yarinyar. Ta ce ba wanda ya ce a ajiye, ba wanda ya ce a tafi da ita. Ta ja gashina ta ce in daina motsi.

Da a ce nan abin ya tsaya, da ba ni da labari. Amma suna da wani taubashi, ɗan goggonsu, farken goro da ke hawa da sauka tsakanin Sokode da Dapango. Kawu nake ce masa. Da yake abokin wasansu ne su duka biyun, shi kaɗai yake iya ɗauko zagi daga wancan gida ya sauke a wannan, a kuma ba shi ruwa ya sha. Kaka ta farko bayan rabuwar, ya zo ya zauna a zaure, ya gyara murya.

"An ce in gaya wa malamin tsuntsaye, agwagi sun cika tafki, ya zo ya tatse su."

Inna ta ce ta ɗauka ranar za a raba Kawu da zauren. Sai ta ji Baba ya ce, "Wane iri? Sun kai tsamiya?"

"Ni goro nake sayarwa, ina na san irinsu? Ya dai ce ba su kai tsamiya ba."

"To ka ce wa mai shanu nan ba su sauko ba tukuna. Ruwan arewa yana nan. Ya zauna."

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk kaka saƙo yana zuwa, duk kaka amsa tana komawa. Gatsen bai taɓa fita daga ciki ba, amma bayani ya riƙa ƙaruwa. "Ka ce wa malamin tsuntsaye gauraka sun ragu, dinya ba ta wuce tsamiya ba, in yana da wata ƙaryar ya aiko." Baba kuma ya haɗa abin da aka gani can da abin da ya gani nan. In sun yi kaɗan can, kaɗan nan, ya ce a kwantar da hankali, ruwa ne ya yi musu yawa suka warwatsu. In sun cunkushe can, kuma dinya ta sauko Sokode da wuri, ya ce arewa ta ƙafe, a kora shanu. Yakan ce da a wancan lokacin akwai wanda zai gaya masa halin da wani ruwan yake ciki, da bai kashe shanun ubansu ba. Haka yake faɗa, kashewa, bai taɓa sassauta wa kansa kalmar ba. Kawu ya ce Ƙarami bai taɓa yarda cewa yana bin maganar ba, amma duk shekarar da aka ce a kora, sai ka ga shanunsa a hanyar Oti.

Ba sallama a cikin saƙon nan, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Haihuwa da mutuwa, Kawu ne yake faɗarsu don kansa, in ya gama da agwagi.

Ni ce mai kai masa ruwa. Sai in ajiye ƙwarya in ƙi tafiya, in tsaya ina gyara tabarmar da ba ta karkace ba, ko za a ce, "yarinyar fa?" Kawu ya gama ya ce shi ke nan. Haka na girma. Shekarar da aka yi mini aure na tabbata wannan karon za a ce wani abu. Saƙo ya zo, aka ce zalɓe sun yi yawa bana. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma na tsani zalɓe na daɗe.

Yadda aka yi na fara zuwa fadama kuwa, ba don sha'awa ba ne. Ƙyanda ta ɗauke mini ɗana na fari, na dawo gida na kwanta, ba ci ba magana. Mata suka yi wa'azi suka gaji. Wata asuba Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tashi ki riƙe mini buzu, kafaɗata tana ciwo." Kafaɗarsa lafiya lau. Na bi shi ina jan ƙafa. Ya shimfiɗa mini buzun, shi ya zauna a ƙasa, bai ce mini ki yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Gari ya waye a kanmu, kirinjijiya suna ta fito, Alƙali yana tsaye da ƙafa ɗaya. Kashegari ma kafaɗa ta yi ciwo, haka jibi. Mutane suka yi ta magana, wai mace da aurenta tana zama cikin tsofaffi a bakin ruwa. Baba ya ce su zo su riƙe masa buzun in sun fi ni iyawa. Ban san ranar da na fara cin abinci ba, ban kuma san ranar da na fara gane dinya daga nesa ba.

A gindin giginyar nan na taɓa fitar masa da abin da ke cikina.

"Baba, mutumin nan zaginka yake yi duk shekara, kai kuma kana amsa masa kamar ya gaishe ka. Ni kuwa ko a cikin zagin bai taɓa sa ni ba."

"Ke 'yar fari ce. Bakinsa ba zai iya ba."

"Na san kunya, Baba. Wannan ba kunya ba ce."

Baba ya ce, "Daga gidansa zuwa tafkin nan tafiya ce, kuma shi ba ya son tsuntsaye, bai taɓa so ba. Kin taɓa ganin mutum ya tashi da asuba, ya taka har can, ya zauna yana duba wa ya kai tsamiya wa bai kai ba, don ya zagi wanda ya manta da shi?"

Na ce to shi me ya hana shi ya je ya ba da haƙuri a wuce wurin. Ya ce in yi shiru, ina korar masa gauraka. Taurin kan ba na mutum ɗaya ba ne, jini ne, kuma ni ma an ce na samu rabona.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu kamiyo, manyan motocin kaya, suka yi wuya a hanya, Kawu kuma ya tsufa, ya koma tafiyar ƙasa da jakuna kamar da. Wata shekara kaka ta wuce, rani ya shiga, ba Kawu ba labarinsa. Baba ya rame. Duk ranar kasuwa sai ya je inda fatake suke sauka, ya yi kamar farashin goro yake tambaya. Da Kawu ya iso, shamuwa ta riga ta fara zuwa, damina ta ƙarato. Baba ya tare shi a tsakar kasuwa ya wanke shi tas, sannan ya ja shi zaure ya ce ya faɗi saƙon. Saƙo ya riga ya tsufa, ba shi da sauran amfani ga kowa, amma sai da ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Baba a daminarsa ta ƙarshe. Da ƙafa ta gaza, ni nake zuwa fadama in dawo in ba shi labari, yana kwance yana gyara mini. In na ce sun kai giginya ta biyu, ya ce daga wane gefe na duba. Ana saura kaɗan ya cika ya ce, "Kawunki bai zo ba?"

"Lokacinsa bai yi ba, Baba."

"In ya zo, kada ya koma ba amsa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Mutum yana kan gargara, tunaninsa yana wajen wanda bai taɓa aiko masa da sannu ba. Na ce to, don dai ya samu ya huta.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba kowa daga Dapango. Matan unguwa suka samu abin taunawa. Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin zuciya irin wannan ba, wata ta dube ni ta ce Allah sarki, marainiya gaba da baya. Inna kuwa tana cikin takabarta tana jan carbi. Aka yi arba'in, aka watse. Ni kuwa na ɗaure buzun Baba na cusa shi ƙarƙashin gado, na ce ni da fadama har abada. Na gama yanke wa kaina cewa uba ɗaya nake da shi, kuma na binne shi.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki, da yamma, Kawu ya yi sallama. A kamiyo ya zo, kuma kamiyon zai juya arewa kashegari da hantsi. Ya shigo har cikin gida ya yi wa Inna ta'aziyya, ya yi mini, muka yi kuka muka share. Sai ya ƙi tashi, yana ta juya hularsa a hannu.

"Akwai saƙo," in ji shi.

Inna ta ce, "Mai karɓa ya tafi."

Na ce, "Ka mayar masa da kayansa, Kawu. Mutumin da yayansa ya mutu bai tako ba, bai aiko ba, yanzu kuma zai aiko mana da agwagi?"

"Ke dai tsaya ki ji. Ranar da labari ya same shi ina can. Ya ɗauki sandarsa ya tafi tafki. A gindin tsamiya ya karɓi gaisuwa, mutanen gari can suka riƙa binsa. Na ce ya zo mu hau kamiyo. Ya ce da wane ido zai shiga zauren mutumin da bai gaisar ba yana da rai."

Duk da haka ban huce ba.

"Kuma saƙon ba na malamin tsuntsaye ba ne," in ji Kawu. "Cewa ya yi, ka gaya wa 'yar yayana."

"Ya ce me?"

"Haka ya faɗa, da bakinsa. 'Yar yayana."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara kusan talatin kalmar nan ba ta fito daga bakinsa ba, sai yau, kuma da ni aka haɗa ta. Na nemi fushina na rasa inda ya shiga.

Kawu ya faɗi sauran. Dinya da kirinjijiya sun rufe tafki sun wuce tsamiya, bai ga irin haka ba tun waccan shekarar. Shanun yanzu na jikokinsa ne, da su za su ci da su za su yi aure. Bai san ko ya zauna ko ya kora ba. Ya ce shi tafki ɗaya yake gani, kuma wanda yake duba masa ɗayan ya tafi.

Da asuba na jawo buzun daga ƙarƙashin gado, na yafa taguwar Baba a kan zanena, wadda Allah Ya sa ba ta shiga murhu ba. Na samu dattijon Kotokoli da tsohon gardi a zaune, sun bar gindin giginya ta farko ba kowa. Gardi ya ɗan matsa mini. Na shimfiɗa, na ba rana baya, na jira haske.

Tun kafin in gani na ji. Da gari ya waye sai ga dinya baƙi ƙirin a kan ruwa, sun wuce giginya ta biyu, sun wuce ta uku, ga shinkafa tsaye ba a gama yanka ba. Na sake dubawa daga ɗayan gefen, yadda Baba yake sa ni.

Dattijon ya matso ya raɗa mini, "Dinya ya yi gaggawa."

Ban tsaya naɗe buzu ba. Na iske kamiyo ya riga ya tayar, Kawu yana can bisa buhunan goro, shofer yana zagin masu lodi. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a kasuwa ba.

"Kawu! Sun sauko, sun wuce giginya ta uku. Ya kora shanu Oti, kada ya jira ko kwana ɗaya!"

"In ce wa wa? Mai shanu?"

"Ka ce wa Baba Ƙarami. Ka ce ina gaishe shi, ina yi masa ta'aziyyar yayansa. Da gaisuwar za ka fara."

Kawu ya dube ni daga sama, ya share ido da hularsa. Ya ce, "Tun ina da haƙora nake dakon agwagi a hanyar nan. Yau dai na ɗauki gaisuwa." Kamiyo ya ja, na tsaya har ya sha kwana.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa shanun da shi bai taɓa yafe wa kansa ba, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba shi inuwa a bakin ruwan da ba ya ƙafewa. Na koma fadama na ɗauko buzun, na zauna kaɗan kafin in naɗe. Kawu bai koma ba amsa ba, Baba.